Baba Sallam da Ayar da Ta Ƙi Cika

A matsa gefe, a ba da hanya! Ga Baba Sallam Wizgan, sarkin masu ɗinkin akumari na Tinzarat da kewaye, wanda babu jakin da ya taɓa kai ƙararsa gaban alƙali. Mai riƙe da mabuɗin majami'armu, mai share ta, mai zuba wa fitilunta mai, mai buga ƙofofin bayin Allah da sanda tun zakara bai gama shawarar yin cara ba. Jikan jikan wanda ya kwaɓa ƙasar ginin. Babban kwamandan rundunar mutum tara: biyu kurame, ɗaya gurgu, sauran kuma kowa da takardar tafiya a ɓoye cikin hula.

Kirarin da nake yi masa ke nan duk safiyar da na iso a makare, wato kusan kullum. Ko kai ba ya ɗagawa.

Ni ne Ishu ɗan Zuhra. Na yi shekara uku a makarantar Faransanci a birni, aka koro ni don na koya wa akun hedimasta wata kalma da ta shafi uwar hedimastan. Na dawo gida da rabin Faransanci da wando mai aljihu huɗu, ban iya sana'ar kowa ba. Amfanina ɗaya a unguwar Yahudawan Tinzarat: ni namiji ne, na wuce shekara sha uku, kuma ina numfashi. A shekarar da nake ba ku labari, wannan kaɗai ya mai da ni mutum mai daraja.

Majami'ar ba wani abin kallo ba ce. Ɗaki ne na jar ƙasa mai ginshiƙi huɗu, rufin azarar dabino, in ka cika tsawo sai ka gaida ƙofa da goshi. Baba Sallam ya ce kakan kakansa ne ya gina ta, shekarar da yunwa ta koro gida bakwai daga bayan duwatsu. Sun iso da Attaura guda a naɗe cikin bargo a bayan jaka, kuma sai da suka yi mata ɗaki kafin su yi wa kansu. Ruwa ya taɓa cinye bangon gabas, aka tayar. Shekarar fari, wato farin da suka rufe rana, an kwana uku a ciki ana azumi, farin kuma suka ci abin da suka ga dama suka wuce. Lokacin annoba likitan Faransawa ya sa aka garƙame ƙofar, mahaifin Baba Sallam ya riƙa shiga ta tagar sama da igiya don kada fitilu su mutu. A sama akwai ɗan benen mata mai asabarin katako, inda kakannina mata suka aurar da rabin garin da raɗa.

Fitilun su ne dukiyarta. Kofunan gilashi ne rataye da sarƙa, ruwa a ƙasa, mai a sama, lagwani na yawo. Kowane gida in an yi masa rasuwa sai ya rataya ɗaya. Arba'in da uku ne, kuma Baba Sallam ya san mai kowace. In yana zuba mai har hira yake yi da su.

"Yakutu, kin fiye shan mai, kamar yadda kike da rai."

Ya ce yana yaro, ranar Asabar sai an yi zubi biyu, mutane har kan dakalin waje. Ni ma na riski ƙarshen wannan. Na tuna zafin jikin mutane, da ƙamshin dafina, abincinmu na Asabar, da ke tashi daga tandar unguwa yana hana mu jin wa'azi.

Daga nan masu rubuta sunan masu ƙaura suka fara zuwa. Mutum biyu ne masu tabarau, su zauna a gidan wani su sha shayi, bayan wata guda sai ka ga motar haya ta tsaya a bakin kasuwa. Kazablanka, daga can jirgin ruwa, daga can Urushalima, wadda kullum muke ambata a addu'a ba mu taɓa zaton tana da tasha ba. Hazzan ɗinmu, malaminmu mai jan salla, yana cikin na farko, ya tafi da Attaura ɗaya cikin biyun da muke da su. Mahauci ya bi shi, muka koma cin ƙwai da wake. 'Yan'uwana mata biyu suka tafi da mazajensu. Kowane gida in zai tashi sai ya kawo wa Baba Sallam kwalbar mai ya ce, "Ga amanar fitilarmu." Kwalbar ta ƙare, fitilar ta zama tasa.

Shi bai taɓa cewa kowa kada ya tafi ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa biyar ƙyanda da zawo sun kwashe huɗu, saura Yamin. Yamin abokina ne, tare aka yi mana bikin cika shekara sha uku, tare muka sha dukan satar rumman. Mun yi alkawari mota ɗaya za mu shiga, kuma shi zai lallashi tsohon. Cikin kaka ya kai akumari kasuwar ƙetaren rafi. An yi ruwa a kan duwatsu, mu nan ko ɗigo ba mu gani ba. Yana tsakiyar busasshen rafin ruwan ya sauko. Bayan kwana uku Lahsan ɗan Mubarak, Musulmi mai alfadarai, maƙwabcin shagon Baba Sallam, ya tsamo shi daga cikin laka, ya ɗauko shi a kafaɗa har ƙofar unguwarmu.

Fitilu suka zama arba'in da huɗu.

Yamin bai yi aure ba, bai bar ɗan da zai yi masa kadish, addu'ar mamaci, ba. Baba Sallam ya ce shi zai yi, wata goma sha ɗaya cif, safe da yamma, ba fashi. Kadish kuwa ba a yin ta sai da maza goma. Ko Attaura ba a fitarwa daga ma'ajinta sai da goma. Ranar da aka binne Yamin mu goma sha huɗu ne. Kafin Idin Ƙetarewa, idinmu na bazara, mun koma sha ɗaya. Da Haki tela ya bi 'ya'yansa, muka tsaya goma daidai, ba ko ɗan canji.

Mu ba ma ƙirga mutane ɗaya, biyu, uku kamar awaki, tsofaffi sun ce yana kiran annoba. Akwai aya mai kalma goma, ita ake bi, kowane kai kalma ɗaya. In aya ta ƙare an cika. Yanar ido ta rufe wa Baba Sallam gani, inuwa kawai yake gani, don haka sai ya bi layi yana nuna kowace inuwa da sanda yana faɗin kalmarta. Wurina yana lungu, bayan ginshiƙi na huɗu, ni ne kalmar ƙarshe. In na makara, ayar sai ta tsaya a maƙogwaronsa, tsofaffi tara su zauna suna kallon ƙofa.

"Ga Almasihu ya iso," in ji Kawu Mardoshe, ƙanen innata, maƙerin azurfa. "Mun jira shi shekara dubu biyu, ashe barci yake yi a gidan Zuhra."

"Kawu, da ka san darajata da ka zo da jaki ka ɗauko ni."

"Jakin ai ga shi ya kawo kansa."

"Ku yi shiru," in ji Baba Sallam, sannan ya sauke kalmar a kaina kamar mai sauke kaya.

Wata tara muka yi ana kadish ɗin nan. Ba mai zazzaɓi, ba mai zuwa biki, ba mai kwana a wani gari. Gurgu Ayush ranar da ƙafarsa ta kumbura a kujera muka ɗauko shi. Kowa yana da 'ya'ya a can suna aiko da wasiƙa, kowa ya ce wa masu tabarau sai wata mai zuwa, kuma ba wanda ya iya kallon tsohon ya ce masa ya gaji. In ya miƙe yana kadish, muryarsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, mu kuma mu ce amin. Ba ya kuka. Da ma yana yi, da mun sami abin rarrashi.

Sai takardarmu ta fito, ni da Inna. Tafiya ranar Lahadi. Mai tabarau ya ce sau biyu yana ɗaga mana, wannan karon in mota ta tashi ba mu ciki, zai soke sunan. Inna tana tari tun sanyi, yayata kuma ta haihu a can, jikan da Inna ba ta gani ba sai a hoto, hoton ma har ya koɗe don sumba.

"Saura wata biyu a gama kadish, Inna."

"Wata biyun kai ka ba ni su? Ka ji ƙirjina kuwa? Sallam yana da mataccensa, ni ina da rayayyuna. Je ka gaya masa."

Ban je ba. Sau uku ina isa ƙofar shagonsa, in tarar da shi yana cusa ciyawa cikin akumari da lalube, sai in ɓuge da ba shi labarin akun hedimasta. A karo na uku, ina fitowa na ga Lahsan yana ɗaure wa alfadari kaya. Tsawonmu ɗaya. Faɗin kafaɗa ɗaya. Wata dabara ta faɗo mini, irin wadda ke zuwa wa mai rabin ilimi, na kuwa rungume ta, na raɗa wa Lahsan.

"Kai Ishu, ka haukace? So kake liman ya ji na shiga ɗakin ibadarku na lulluɓe?"

"Wa zai gaya masa, alfadarinka?"

"Ni fa ba zan furta komai naku ba."

"Wa ya ce ka furta? Ni da nake ɗan gida rabin abin motsa baki nake yi. Zama kawai za ka yi a lungu, mayafin addu'a a ka. Inuwa yake nema, kai kuma Allah ya hore maka inuwa."

"Wata biyu, safe da yamma? Kayan mutane fa?"

"Ka gwada gobe tukuna. In ta karɓu ma san yadda za a yi."

Ya daɗe yana jan igiya. Can ya ce, "Da na ɗauko Yamin, tsohon nan bai ce mini komai ba. Hannuna kawai ya kama yana goge mini laka da rigarsa." Ya ƙulle igiyar. "Gobe kaɗai. Allah ya yafe mana, ni da kai."

Dole na gaya wa Kawu Mardoshe, don shi ke zama kusa da lungun. Ya ajiye hamarsa.

"Kadish da mutum tara ba kadish ba ce, ɗan Zuhra."

"Shi ai bai sani ba."

"Wanda ake yi dominsa ya sani."

"To Kawu, kai je ka gaya masa ranar Lahadi zan tafi."

Ya ɗauki hamar ya ci gaba da bugu. Kafin rana ta faɗi duk takwas ɗin sun ji, har kuramen, kuma ba wanda ya zo ya ja mini kunne. Nan ya kamata in ji tsoro.

Ranar Alhamis ce, ranar fitar da Attaura. Na riga kowa zuwa, karo na farko a tarihi, na haye benen mata na kwanta rub da ciki cikin kashin tantabaru, ina leƙe ta asabari. Tsofaffi suka shigo ɗaya bayan ɗaya, ba mai tsokanar wani. Lahsan ya zo ƙarshe. Na ga gashin hannunsa da danshi, ashe alwala ya yi kafin ya taho. Ya tuɓe takalmi ya jera su, ya shigo da ƙafar dama, ya wuce lungu. Kawu ya yafa masa mayafina. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, wallahi ya fi ni iyawa.

Baba Sallam ya gama da fitilu, ya ɗauki sanda ya fara aya. Kalma ta farko, ta biyu. Ayush. Kuramen. Kawu Mardoshe, ta tara. Sandar ta juya lungu ta tsaya.

Ya tsaya yana saurare. Har ƙarar cin lagwani ina ji.

"Wannan na lungu ya cika natsuwa," in ji shi. "Wata tara ban taɓa jin lungun nan ba ƙarar benci ba, ko hamma, ko susa." Ya sauke sandar. "Lahsan, ɗana, ka kyauta. Tashi ka tafi wurin dabbobinka. Ka gaida Mubarak."

Lahsan ya miƙe, ya ninke mayafin da kyau kamar kayan aro, ya zo ya sumbaci kan tsohon, ya fita.

"Mardoshe, kai ma?"

Kawu ya kalli ƙasa.

"Ayush? Dukanku?" Ya gyaɗa kai, sannan ya ɗaga murya kaɗan, ba da faɗa ba. "Ishu, in kana kusa, ka shigo. Ba zan ce komai ba."

Tsakanina da shi matakala goma sha biyu ne. Na san da haka, don na sha tsallake su bibbiyu. Da na sauko, da na ce wasa ne, da Kawu ya zage ni an yi dariya, da aya ta cika. Amma na san in na sauko yau, ranar Lahadi ma zan sauko, mota ta tafi, Inna ta mutu da hoto a hannu. Wannan shi ne dalilin da nake ba mutane. Ɗaya dalilin shi ne kunya ta danne ni kamar an ɗora mini buhun gishiri. Ni mai baki, ni da ba a rufe taro sai da maganata, na cusa fuska cikin hannun riga na yi lamo.

Ya jira. Hasken taga ya sauko daga bango, ya hau ginshiƙi na farko, ya wuce na biyu. Mutum tara suna zaune, ba mai tari. Da hasken ya taɓa ƙasa lokacin sallar safe ya fita. Baba Sallam ya je gaban ma'ajin Attaura ya dafa labulen, bai buɗe ba. Ya cire mayafinsa.

"Ku tafi," ya ce. "Kowa ya tafi inda ake jiransa. Na riƙe ku da yawa."

Da yamma na wanke fuska na je da wuri, na zauna a lunguna ina ta motsa benci don ya ji. Mutum shida suka zo. Sauran ko kunya ce ta hana su, ko sun ji an kwance musu igiya, oho. Baba Sallam bai ɗauki sanda ba, bai fara aya ba. Kowa ya yi addu'arsa shi kaɗai, a tsaye, kamar baƙi a tasha. Ranar Asabar mu bakwai. Tun daga shekarar da gida bakwai suka iso da jaka, in ka cire lokacin annoba, ba a taɓa Asabar ba a buɗe Attaura a Tinzarat ba sai wannan. Ni na yi wannan, da wandona mai aljihu huɗu.

Yanzu ina Kazablanka, mu takwas a ɗaki ɗaya, muna jiran jirgin da kullum ake cewa mako mai zuwa. Kawu Mardoshe ya iso bayanmu da mako uku, Attaurar a naɗe cikin bargo. Ya ce tsohon da kansa ya naɗe ta ya miƙa masa, ya ce ba a barin ta inda ba masu karanta ta. Saura mutum uku a unguwar. An yi an yi da tsohon ya taho, ya ce mutum arba'in da huɗu ba za su shiga mota ɗaya ba. Lahsan ne ke kai masa mai. Kawu ba ya yi mini magana sai ta zama dole, ni ma ba na nema.

Amma na yi sallama da Baba Sallam, kada ku ce ban yi ba. Ranar Lahadin, Inna tana cikin mota da ƙullin kayanta, direba yana ta hon, na ruga shagon. Yana zaune a ƙasa da akumari tsakanin ƙafafunsa. Na tsara maganar tun a hanya, har da inda zan ɗaga hannu.

"Baba Sallam, ni ne. Na zo in ɗauki alkawari a gabanka da gaban Allah. Wata biyun nan da suka rage a wuyana suke. A Kazablanka akwai majami'ar da ke cin mutum ɗari biyar, da fitilun lantarki, da hazzan mai muryar da ke fasa gilashi. Can zan tsaya, safe da yamma, in yi wa Yamin kadish. Ba amin tara ba, Baba, amin ɗari biyar! Har sama sai an tambaya wane ne wannan Yamin ɗin. Ko makara ba zan yi ba, na rantse da ran Inna."

Ya lalubo bakin fatar, ya haɗa shi da ɗaya, ya danne da babban yatsa.

"Ba su san shi ba," ya ce. "Miƙo min basillar can kafin ka fita."